Tambayar da Ban Yi wa Maame Pokuaa Ba

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

An rufe mini layi yau. Ina gama duba wani mutum mai tari, allon kwamfuta ya yi fari, rubutu ya fito: an dakatar da wannan likita, a tuntuɓi ofis. Shekara biyu ke nan ina ganin marasa lafiya ta waya daga ƙaramin ɗakin nan na gidanmu a Kwadaso, ban taɓa sanin allon yana da wannan shafin ba.

Madam Gifty ta kira, ita ce mai kula da ingancin aiki a kamfaninmu.

"Dakta Frimpomaa, kada ki tayar da hankalinki, ba wani abu ba ne."

Na san wani abu ne.

Wata tsohuwa tana kwance a babban asibiti tun ranar Juma'a, jini ya ɓalle mata a ciki. A jakarta an sami kwalin magani da sunana. Ni na duba ta ranar 21 ga Mayu, ciwon gwiwa. Sunan da ke fayil Maame Konadu ne, ɗanta da ke Jamus ya yi mata rajista. Amma wadda na yi magana da ita ba Konadu ba ce. Ƙanwarta ce, Maame Pokuaa, wayar yayarta ta ara. Pokuaa tana shan maganin tsinka jini saboda zuciya, shekara huɗu ke nan. Fayil ɗin Konadu kuwa fes yake, ko hawan jini babu. Na rubuta maganin ciwo mai ƙarfi na kwana goma. Ɗan aji uku a makarantar likita ya san ba a haɗa waɗannan biyun.

Na ce to. Na ajiye waya. Na wanke kofin shayi, na kife shi.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Boadu, mijina, ya dawo daga makarantar da yake koyarwa da ƙunshin wake da shinkafa. Ya ce, "Ki ci ko kaɗan ne." Na cinye duka. Ya yi ta kallona, ina jin ya fi son a ce na kasa.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na je ofis a Ahodwo. Sanyin na'ura ya yi yawa. Madam Gifty ta juyo mini da allonta, ta sa farce a kan wani ɗan akwati.

Kafin a fara duba kowa akwai wannan akwatin: na tambayi mara lafiya cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, sun yi daidai da fayil. In ba a danna shi ba shafi ba ya buɗewa. Nawa a danne yake, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in.

"Kin ga ni," in ji ta. "Kin tambaya. Ga shi a rubuce. Tsohuwa ta amsa da sunan yayarta, wa zai iya da wannan? Likita ba boka ba ne."

Na ce, "Faifan muryar fa? Ai ana ɗaukar kowane kira."

"Sati biyu muke ajiyewa, sai ya goge kansa. Jiya ya cika."

Ranar Litinin suka kira ni. Na iya ƙirga kwana.

Za ni rubuta bayanin abin da ya faru in sa hannu, kamfani ya miƙa wa hukumar likitoci ranar 28 ga wata. In bayanin ya ce na tambaya, magana ta ƙare, laifin na 'yan'uwan biyu ne, a buɗe mini layi. In ya ce wani abu dabam, lasisina ne a kan tebur. Ba haka ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Ki rubuta abin da takarda ta nuna, ƙanwata, kada ki wahalar da kanki." Ta raka ni har bakin ƙofa tana yabon takalmina.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na tashi, na yi wanka, na sa farar riga, na zauna gaban allo. Sai da na sa abin ji a kunne na tuna.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Yeboah ya kira. Tare muka gama makaranta, tare muka shiga kamfanin nan, bakinsa bai taɓa gajiya ba.

"Sista, na ji an ba ki hutu ba ki nema ba. Ki ara mini sati ɗaya mana."

Na ce masa ba na jin wasa.

"To bari in yi miki gaske. Wa ke tambaya? Faɗa mini mutum ɗaya. Minti shida aka ba ka, agogo yana can sama yana hararar ka. Ka ce wa tsohuwa, Maame, yaushe aka haife ki? Ta ce ranar Alhamis ce, ana ruwa, shekarar da kasuwa ta ƙone. Ka ce wace gobarar? Ta fara kawo maka su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta gama agogo ya yi ja, Madam ta aiko maka da wasiƙar ƙauna."

Ya ci gaba.

"Kuma kowa ya san yadda abin yake. Ɗa ɗaya a Turai ya yi wa uwa rajista, gida duka ya samu likita. Shekaranjiya fayil ya nuna mini tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, murya ta ce laulayin ciki ke damunta."

"Sai ka yi yaya?"

"Na ce mata barka da arziki, Kaka."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya gama ya rage murya ya ce, "Frimpomaa, ki rubuta kin tambaya. In kin ce ba a tambaya, dukanmu kika tona."

Na ce masa shinkafata tana kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Coci. Na tashi da aka tashi, na zauna da aka zauna. An yi addu'a domin marasa lafiya, na ce amin. Ina sauraren kaina ko zan ji wani abu. Babu.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na fara rubuta bayanin. Sunana, lambar lasisina, kwanan wata. Na tsaya.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Abin da nake tunawa na kiran. Hoto bai kama ba, layi ba shi da ƙarfi, murya ce kawai. Akwai kaji a bayanta. Ta gaishe ni gaisuwa doguwa, ta tambayi mijina da mutanen gidanmu, ina kallon agogo yana cin minti ɗaya. Ta ce gwiwar hagu ce, ta hana ta durƙusawa ta ɗauko kaya a rumfa. Kaskon niƙan yaji take sayarwa a kasuwar Tafo. Ta ce, "'Yata, in na durƙusa sai an tara mutane kafin in miƙe." Na yi dariya. Na ce, "Maame, za mu gyara ta."

Maame na ce mata daga farko har ƙarshe. Kowace tsohuwa Maame ce. Uwata ta hore ni ba a kama sunan babba, balle a tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda a shingen hanya, ga suna kuma a rubuce gaban idona.

Na dubi fayil, wajen magunguna babu komai. Na wuce.

Minti biyar da daƙiƙa ashirin. Agogo bai yi ja ba. Ranar har maki mai kyau na samu.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

An ɗauke wuta tun safe. Na goge tagogi.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na hau turoturo, ƙaramar motar haya, na je asibitin. Ban shirya zuwa ba, na fita sayen gwaza ne. Wata nas da muka yi aiki tare shekarun baya ta nuna mini gadon daga bakin ƙofa. An ƙara mata jini leda biyar, ƙoda ta fara gazawa. Ƙaramar mace ce, na zaci babba ce saboda muryar. A gefen gadon wata tsohuwa tana zaune a kujerar roba da kwanon abinci a cinya, ba ta buɗe shi ba. Kamanninsu ɗaya.

Nas ta ce, "Yayarta ce. Ba ta tafiya gida sai mun kore ta. Ki shiga mana."

Na ce sauri nake yi. Na dawo ba gwaza.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Yanzu bayani biyu gare ni a kwamfuta. Na farko shafi ɗaya da rabi ne, ya yi kyau, Madam Gifty ta gani ta ce ko lauya sai haka. Na biyu layi huɗu ne. Ba wanda ya gan shi.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Muna daka fufu, Boadu yana riƙe da taɓarya ni ina juyawa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Wai kin tambaye ta?"

Na ce, "Kula da hannuna."

Ya ci gaba da daka. Can ya ce, "Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Shekara bakwai kika yi kina karatun nan, ina gani. Mama a Mampong ko sunanki ta daina kira, sai Dakta. Kuma tsohuwar nan, ai ita ta ɗauki wayar da ba tata ba."

"Haka ne."

"To?"

"Fufun ya yi, ɗauko kwano."

Ban ji haushinsa ba. Na so in ji.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana

Nas ta turo saƙo: Maame Pokuaa ta rasu. Ƙarfe tara da kwata na safe.

Talata, ƙarfe uku

Na jiƙa wanki. Na shanya. Ruwa ya sauko, na bar su a igiya.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Madam Gifty ta kira ta yi mini ta'aziyya, ni. Ta ce kamfani zai aika furanni. Ta ce yanzu abin ya ƙara nauyi, don haka bayanin ya zama a tsaye, ba kwana-kwana. Ta ce ɗan da ke Jamus, Agyei, ya kira da faɗa, amma an yi masa bayani: likita ta tambaya, an ba ta sunan mahaifiyarsa, kuma dokar rajista ta hana ba da aron layi. Ya sauko.

Na ce, "An riga an faɗa masa na tambaya?"

"Abin da takarda ta nuna aka faɗa masa."

Ta ce daga wata mai zuwa za a ƙara akwati na biyu, domin a tabbatar an danna na farko da gaskiya.

Juma'a, 21 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Ba abin rubutawa.

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Gobe zaman kwana takwas, a gidansu a Tafo. Na ga sanarwar manne a bangon tasha, da hotonta tana dariya cikin farin zane. Shekara sittin da tara. Na ciro baƙin zanena na goge. Boadu ya ce, "Me zai kai ki?" Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

An kafa rumfuna ja da baƙi har kan titi. Ganguna, lasifika, mata 'yan kasuwa sun zo ƙungiya guda da ɗankwali iri ɗaya. Na bi layin masu gaisuwa, daga dama zuwa hagu, hannu bayan hannu. Na yi niyyar in gaisa in wuce kamar kowa. Da na iso gaban Maame Konadu, wani dattijo a gefenta ya ce, "Daga wane gida?" Bakina ya faɗi gaskiya kafin in hana shi.

Na jira a yi ihu. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta jawo ni na durƙusa.

"Ke ce? Ke ce likitar waya? Wayyo 'yata, har kin zo. Ku ba ta kujera."

Suka ba ni kujera kusa da ita. Ba ta saki hannuna ba.

"Ina zaune a gefenta ranar, ina tsinke ganye. Da ta ajiye wayar ta ce, Konadu, wannan yarinya ta samu tarbiyya. Ba ta yi mini tambayar 'yan sanda ba, Maame kawai take ce mini. Kwana uku tana yabonki. Ta ce gwiwar ma ta saki."

Na ce, "Maame."

"Ni ce, 'yata. Ni na miƙa mata wayar. Ta ce bari ta je asibiti, na ce wane asibiti, ki yini a layi? Ga likita a cikin waya Agyei ya ajiye mini, ni ko ciwon kai ba na yi. Na ce wayata wayarki ce, nono ɗaya muka sha." Ta goge fuska da bakin zane. "Agyei ya ce ni na kashe ta. Ya ce kamfani sun faɗa masa an tambaya an yi ƙarya. Ni ban ji an tambaya ba, amma kunnena ya tsufa, su kuma da takarda. Tun ranar bai ɗaga wayata ba. 'Ya'yan Pokuaa ga su can, ko kallona ba sa yi. Suna da gaskiya."

Na duba. Mata uku ne da namiji ɗaya a ɗaya ƙarshen rumfar, sun bar kujeru huɗu babu kowa tsakaninsu da ita.

Aka sanar da ranar jana'iza, Asabar ta biyu a watan Agusta. Ta ce lalle in zo, za ta sa a ajiye mini wuri cikin dangi. Aka kawo mini lemo, na shanye.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na buɗe duka biyun na ajiye su gefe da gefe. Na rufe.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Yeboah ya turo saƙo: gobe ne fa, Sista, kada ki yi mana jarumta. Na yanke farce.

Juma'a, 28 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai da kaina ofishin hukuma, na karɓi shaidar an karɓa, sannan na kai wa Madam Gifty kwafi. Layi huɗun ne, na ƙara biyu. Ban tambayi sunanta ba. Ban tambayi ranar haihuwarta ba. Ban tambaye ta ko tana shan wani magani ba. Na danna akwatin kafin ta gama gaisuwa. Haka nake yi kusan kullum. Ba ta faɗa mini ƙarya ko ɗaya ba.

Madam Gifty ta karanta a tsaye. Ta ce, "Kin san abin da kika yi wa kanki?" Na ce eh. Ta ce in ajiye katin shiga a wajen mai gadi. Wannan karon ba ta raka ni ba.

Boadu ya karanta nasa kwafin a bakin gado, ya ninke shi huɗu, ya ce, "To." Ya fita ya sayo dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da kifi. Mun ci.

Asabar, 29 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na koma Tafo. An kwashe rumfuna. Na sami Maame Konadu a tsakar gida a kan ƙaramar kujera, ta yi murna da ganina, ta ce a kawo ruwa. Na ce takarda na kawo, zan karanta mata da yarenmu.

Na karanta. Ta ce in sake. Na sake.

"Wato dole ne a tambaya?"

"Dole ne, Maame. Aikina ne. Shi ne abu na farko."

"Ba ladabi ba ne kika yi?"

"Har da shi. Da sauri. Amma dole ne."

Sannan ta zaro wayar daga ƙugunta ta miƙo mini. "Kira Agyei. In ya ga lambata ba zai ɗauka ba, kira da taki."

Na kira da tawa. Ya ɗauka. Na faɗi ko ni wace ce, na karanta masa duka shida. Can ya ce, da wata irin murya, "Ba ni mamata." Na miƙa mata. Na matsa wajen rijiya na ba su wuri. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji tana cewa, "Na ji, ɗana. Ya isa. Na ji."

Da ta gama ta kira ni. Ta miƙo mini wayata. Na kama hannunta, ta bar shi a nawa kamar na minti ɗaya.

"Pokuaa ba ta iya ƙarya ba," in ji ta. "Ko ciniki take yi sai ta faɗa wa mai saye inda kasko ya tsage. Da kin ce mata wace ce ke, da ta ce miki Pokuaa."

"Eh, Maame."

"Da kin ce wane magani kike sha, kwalin yana cikin jakarta, a cinyarta."

"Eh, Maame."

Ta zare hannunta.

"Kin kyauta da kika zo. Allah ya ga kin kyauta. Tashi ki tafi, 'yata, kada ki zo jana'izar."

Na yi mata sallama yadda ya kamata, na fito. Na tsaya a bakin titi ina jiran mota. Turoturo ya tsaya, yaron mota yana kiran Kejetia, Kejetia, ban shiga ba. Na zauna a bakin kwata da jakata a cinya. Kuka ya zo mini da ƙarfi, irin na yara, da majina da komai, na kasa tsayar da shi. Wata mai sayar da lemu ta bar tirenta ta zo ta dafa ni tana tambaya, "Wa ya rasu, Anti? Wa ya rasu?"

Na ce mata, "Maame Pokuaa."